Hukuncin gasar ces (chess, wato shaɗaranji) da ake biyan kuɗin shiga

Tambaya: Malam, ina da maki a jadawalin FIDE, hukumar wasan ces ta duniya, an haɗa ni da wani da ya fi ni maki a gasar ces nan Sakkwato. Kowa ya biya kuɗin shiga, daga ciki za a fitar da kyautar zakara. Ƙarfe 3 na rana za mu fara. Ya halatta in buga?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun ba ka zauna gaban allo ba. Asalin wasan, Risala ta hana shi, Shafi'iyya kuma suka tsaya ga karhanci bisa sharuɗɗa. Amma abin da ya yanke maganarka shi ne kyautar da ke fitowa daga aljihun 'yan wasa. Wannan caca ce, har wajen masu sassautawa.

Za a ce maka ces ƙwarewa ce, babu sa'a a ciki, don haka ba caca ba ce. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Abin dubawa a caca shi ne inda kuɗin ya fito da inda zai je: ka zuba naka, ko ka kwashe na mutane ko naka ya tafi. Tseren doki da harbin kibiya ma ƙwarewa ne, kuma nassi ya yarda da kyauta a cikinsu, duk da haka Muktasar ya hana mutum biyu su zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, ko da sun sa na uku tsakaninsu wanda bai zuba komai ba. To ina ga wasan da tun asali ake saɓani kansa? Idan kuɗin na hayar ɗaki ne da ladan alƙalin wasa kaɗai, caca ta kau, saura saɓanin farko. Nemi masu shiryawa su fayyace maka.

Sai La'asar, wadda ba ka tambaya ba. Wasan minti 90 ga kowa, da ƙarin daƙiƙa 30 a kowane motsi, yakan wuce awa 4, ya kai ka Magariba. Shiga da alwala, ka sanar da alƙali tun kafin a fara, domin ba a barin wurin sai da izininsa. Ka tashi yin sallar lokacin da motsi ke hannun abokin karawarka. Agogon da ke ƙirga lokacin wasanka zai iya cin minti 7 kafin ka dawo, ka haƙura da su.

Kuma kada ku shirya canjaras a ɓoye don kare maki, ha'inci ne ga sauran 'yan gasa. Allah ne mafi sani.