Maigidana mai feshin gona ne, ya ƙi zuwa awon maniyyi: mene ne hukunci?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Shekararmu bakwai da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Na sha jiƙe-jiƙe, na sha rubutu, na je asibiti an duba ni, likita ta ce ba ta ga matsala a wurina ba, sai maigidana ya zo a auna maniyyinsa. Shi manomin rani ne a wajen Kura, kuma yana yi wa mutane feshin magani a gonakinsu su biya shi. Likitar ta ce maganin yana iya taɓa haihuwar namiji. Da na gaya masa sai ya ce haihuwa ta Allah ce, fitar da maniyyi don awo haramun ne, kuma shi lafiyarsa ƙalau tunda ba ya gazawa a shimfiɗa. Yanzu Hajiya ta matsa masa ya ƙaro aure, dangi suna kirana juya. Malam, ina gaskiyar lamarin?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba ki lada a kan haƙurinki, 'yar'uwa, ya share miki hawaye.

Awon da likita ta nema halal ne. A halin da kika bayyana kuwa ya wuce halal, ya zama haƙƙinki da ke wuyan maigidanki, domin ƙin zuwansa ya bar ki da tuhumar da babu wanda ya tabbatar da ita.

Maganarsa ta farko gaskiya ce, amma bai kai ta ƙarshe ba. Allah ya ce a suratus Shura, aya ta 49 da 50, yana ba wanda ya so 'ya'ya mata, yana ba wanda ya so maza, ko ya haɗa masa duka, kuma yana sanya wanda ya so ya zama "aƙiman", marar haihuwa. Ayar ba ta ware mace ba, kalmar tana hawa kan namiji kamar yadda take hawa kan mace. Kuma wanda ya ƙaddara cuta shi ya yi umarni da neman magani. A hadisin Usama ɗan Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, ban da tsufa. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce e, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Maigidanki da kansa ya san wannan a gona. In tsutsa ta faɗa wa tumatur ɗinsa ba ya naɗe hannu ya ce ƙaddara, famfo yake goyawa.

Batun shimfiɗa shi ne inda mazanmu da yawa suka ruɗe. Ƙarfin namiji daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Ruwan yana iya fita da yawa, da kaurinsa, amma in an sa shi a madubin likita a tarar ƙwayoyin kaɗan ne, ko ba sa motsi, ko babu su gaba ɗaya. Ido ba ya gane wannan. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ɗauki ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita a matsayin iyaka ta ƙasa, kuma ana so kashi 42 cikin ɗari nasu su kasance masu motsi. Likitoci sun daɗe da sanin cewa a wajen rabin gidajen da haihuwa ta yi jinkiri, akwai hannun matsalar namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da ta matar. Amma a garuruwanmu mace ce ke yawon asibiti da gidan mai magani, ita ake yi wa gori a gidan biki. An bar jaki ana dukan taiki.

Likitarki ba ta faɗi abin da babu shi ba game da magani. A 1977, a wata masana'antar maganin ƙwari da ke Lathrop a jihar Kalifoniya ta Amurka, ma'aikata da kansu suka lura matansu sun daina haihuwa. Da aka auna maza 25 daga cikinsu, 14 ko dai babu ƙwaya a maniyyinsu ko ta yi ƙaranci ƙwarai, alhali sinadarin mazantakarsu yana nan daidai. Maganin shi ne DBCP, wanda ake zuba wa ƙasa don kashe tsutsar saiwa. Amurka ta dakatar da mafi yawan amfani da shi a 1979, kuma leburorin gonakin ayaba a Kosta Rika da Nikaragwa sun shafe shekaru a kotu kan irin wannan cutarwa. Haka dalma, an tabbatar tana lalata maniyyin masu aiki da ita, irin masu fasa batirin mota da masu niƙa dutsen zinariya. Mu mun ga abin da gubarta ta yi a Anka da Bukkuyum ta jihar Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu.

Akwai kuma abin da masana ba su gama haɗuwa a kansa ba, kuma amanar fatawa ita ce a bambance yaƙini da zato. A 1992 masu bincike a Danmak sun tattara nazari 61, suka ce matsakaicin ƙwayoyin ya sauko daga miliyan 113 a kowace mililita a 1940 zuwa miliyan 66 a 1990. Hagai Levine da Shanna Swan da abokan aikinsu sun fitar da makamancin haka a 2017, raguwar fiye da rabi tsakanin 1973 da 2011 a mazan ƙasashen Yamma. Wasu masanan sun yi musun girman raguwar saboda hanyar ƙirga ta canja cikin shekarun. Ana zargin sinadaran roba da magungunan feshi da ƙiba da taba. Don haka ba zan ce miki feshi ne ya hana ku haihuwa ba. Hangum da ya kama namiji bayan balaga, ciwon sanyi da ba a gama maganinsa ba, kumburin jijiyoyin maraina, yawan zama cikin zafi, duk suna iya jawo haka. Awo ne zai raba gardama.

Sai dai shari'a ba ta jiran yaƙini kafin ta hana cuta, rinjayen zato ya isa. "La darara wa la dirar", babu cuta babu cutarwa, hadisi ne da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kuma kare zuriya yana cikin abubuwa biyar da addini ya zo don kiyayewa. Na tsaya a bakin fadama na ga yadda ake aikin nan da idona. Saurayi da singileti, ƙafa babu takalmi, ya dama maganin da hannu, famfon yana ɗiga a gadon bayansa tun hantsi har azahar. Bakin famfo ya toshe, ya cire ya sa a baki ya busa, sannan ya ɓare goro da hannun nan. Da yamma matarsa ce za ta wanke rigar a bahon da ake wa yara wanka, jarkar maganin kuma a ɗauraye a zuba man gyaɗa. Wannan bai halatta ba. Sana'ar feshi halal ce, amma wajibi ne ga mai yinta ya sa riga mai dogon hannu da wando, da safar hannu da takalmin roba da takunkumi, kada ya yi feshi yana fuskantar iska, kada ya ci ko ya sha yana cikin aiki, ya yi wanka da sabulu kafin ya shiga cikin iyali, a wanke kayan aikin daban. Mai gonar da ya ɗauki yaro feshi bai ba shi kariya ba yana da kaso a alhakin, haka mai shagon da ke sayar da maganin da hukuma ta hana.

Yanzu batun fitar da maniyyi. Gaskiya ne a mazhabarmu ta Malikiyya istimna'i, wato mutum ya fitar da maniyyinsa da hannunsa, haramun ne. Amma maigidanki ba ya buƙatarsa, domin yana da mata, kuma fitar da shi ta hannun matarsa halal ne. Asibitoci da dama suna ba da kwalba mai tsabta a tara a gida, a kai cikin awa ɗaya, a riƙe ta a jiki don kada ta yi sanyi, bayan an ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7. Kada a yi amfani da kwaroron roba na kanti, yana kashe ƙwayoyin. In duk wannan ya gagara, likita ya ce dole sai a can, to malaman wannan zamani da yawa sun yi rangwame ya fitar da kansa gwargwadon buƙatar magani, ba tare da kallon haram ba, kuma ni ma a nan na tsaya. Wankan janaba ya wajaba bayansa, kuma kada a yi da rana a Ramadan.

Ke kina da haƙƙi a haihuwa kamar yadda yake da shi. Shi ya sa Malik ya ce miji ba ya yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje lokacin saduwa, ga matarsa 'ya sai da izininta. An kuma ruwaito cewa Umar ya tambayi wani mutum marar haihuwa da ya yi aure ko ya sanar da matar, ya ce a'a, Umar ya ce ya je ya sanar da ita ya ba ta zaɓi. Malikiyya ba su lissafa rashin haihuwa cikin aibobin da ke warware aure kai tsaye ba, amma wannan bai ba kowa damar ɓoye sakamako ya bar matarsa tana shan gori ba. Ƙarin aure halal ne gare shi in zai yi adalci. Abin da nake ji masa tsoro shi ne ya kawo 'yar mutane ta biyu, ita ma bayan shekara uku a kira ta juya. Masu kiran ki da wannan suna kuma su ji tsoron Allah, suratul Hujurat ta hana jifa da miyagun laƙabobi.

In sakamako ya nuna rauni, kada ya yanke ƙauna a awo ɗaya. Jiki yana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya ƙera sabbin ƙwayoyi, don haka akan maimaita bayan wata uku, kuma wanda ya nisanci abin da ke cutar da shi yakan ga canji. In ta kai ga dashen ciki, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta shi tsakanin miji da matarsa in buƙata ta kama, ta haramta shigo da maniyyin wani namiji ko ƙwan wata mace. In an ba ku shawarar karɓar na wani, ku ƙi.

Kada ki tunkare shi da wannan a gaban Hajiya ko ƙannensa, namiji yana jin nauyin maganar nan fiye da yadda yake nunawa. Ki ba shi amsar nan ya karanta shi kaɗai, ko ki nemi limaminku ko wani yayansa da yake jin maganarsa. Sakamakon kuma sirrinku ne ku biyu, kamar yadda kike so a rufa naki. Ku riƙe addu'ar Annabi Zakariyya da ke suratul Anbiya, aya ta 89: "Rabbi la tazarni fardan wa anta khairul warisin."

Wallahu a'alam.