Amsa ga Yaya kan hoton yanyawar da ke shigowa gidanmu

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Yaya, na ji saƙonki. Kin ce yaya aka yi na samu hoton da na tura jiya, ke kuwa duk wanda kika ɗauka sai idanu biyu suna ƙyalli cikin duhu. To ku yi haƙuri, zan ɗan ja.

Tukuna ma, wanda ya ce dila ne, a'a Malam, yanyawa ce, irin jar nan mai fari a ƙarshen jela. Nan Landan tun wajajen 1930 suka fara shigowa gari, yanzu har ƙarƙashin rumfar ajiye kaya suke haƙa rami su haihu.

Yaya, filashi ne ke cutar ki, ki kashe shi. A can cikin idon yanyawar akwai wani abu kamar madubi da ke dawo da haske, irin na kyanwa, shi ya sa. Ki bari sai gari ya fara wayewa, ko dab da magariba.

Amma gaskiyar magana, ni sai da na yi kusan sati biyu ban ɗauki ko ɗaya ba. Zama kawai nake a kicin, fitila a kashe, ina leƙe ta taga. A haka na gane hanya ɗaya take bi kullum. Ta ɓullo ta ƙarƙashin shinge, ta tsaya cak, ta ɗaga hanci, kunnuwa na juyawa, sannan ta shigo tsakiyar ciyawa. Ran da aka yi ruwa kuwa, ai nan ne kallo. Sai ta karkata kai tana saurare, can sai caraf, ta cafko tana, tsutsar ƙasar nan, ta riƙa jawo ta a hankali kar ta tsinke. Wallahi har na manta da wayar a hannuna.

Da kin san inda take tsayawa, to aiki ya ƙare. Ki manna wayar jikin gilashi don kar inuwarki ta fito, ki durƙusa daidai tsayinta, kar ki cika zuƙo hoton, dishi-dishi zai yi.

Abu ɗaya dai, don Allah kar ki ba ta abinci a hannu. Ta saba, gobe ta tunkari ɗan maƙwabta, a zo ana rigima.

Af, ihun da kika ce kin ji cikin dare kamar ana yanka mutum, su ne. Janairu lokacin barbararsu ne. Wajen Maris su haihu, ƙarshen Afrilu ƴaƴan su fara fitowa, huɗu ko biyar, suna kokawa suna satar takalmi. Ki kwashe naki tun yanzu.

Tsaya... ga ta can jikin shinge. Bari in kashe fitila, sai anjima.