Tambayi likita: giyar inabi, inabin Afirka ta Kudu da wayin ɗin biki

Salam jama'a. Wannan satin tambayoyi uku ne suka haɗu a kan inabi, sai na ce bari in amsa su tare.

TAMBAYA: Likita ni ɗalibi ne a jami'ar Stellenbosch a Afirka ta Kudu, garin nan ko ina ka duba gonar inabi ce, abokaina suna ta ce min jar giyar inabi maganin zuciya ce wai kofi ɗaya a rana likitoci ma sun yarda. Ni ba na sha amma ina son sanin gaskiyar maganar.

AMSA: Ɗana Allah ya ba da sa'ar karatu. Wannan magana ta wai giya magani ce ta girmi jami'arku nesa ba kusa ba, kuma a nan yankin Cape inda garinku yake aka fara ta a ƙasar. Jan van Riebeeck, mutumin Holan da ya sauka a Cape a 1652, asalinsa likitan jirgin ruwa ne, kuma cikin dalilansa na dasa inabi har da tunanin zai yi maganin sikabi, cutar nan da ke kama matuƙan jirgi in sun daɗe a teku, dasashi ya kumbura yana jini haƙora su zube. Ranar 2 ga Fabrairu 1659 aka matse giyar farko. Daga baya gwamna Simon van der Stel ya kafa garinku a 1679, ya buɗe gonar Constantia a 1685, sannan Faransawa 'yan gudun hijira suka iso wajen 1688 suka zauna a Franschhoek, abu ya bunƙasa. To amma giyar ba ta warkar da sikabi ba, don rashin bitamin C ne ke kawo ta, lemon tsami da lemon zaƙi ne maganinta.

Na zamaninmu kuma a kan wani sinadari ne da ke ɓawon jan inabi, ana ce masa resberatirol. Eh yana nan cikin irin su Pinotage, inabin da Abraham Perold ya samar a 1925 a nan jami'arku da ya haɗa Pinot Noir da Cinsaut. Sai dai abin da ke cikin kofi ɗaya ɗan mitsitsi ne, kafin ka sha abin da zai kai wanda ake ba ɓeraye a ɗakin gwaji hantarka ta riga ta tafi. Barasar da ke ciki kuwa wajen kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari ce, tana tada hawan jini, tana rikita bugun zuciya, kuma tun 1988 aka saka ta sahun farko na abubuwan da ke jawo kansa. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce babu wani adadin barasa da ba ya cutarwa. Kuma mu mutanenmu ga ciwon hanta nau'in B ya yi mana yawa, da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba, na sha ganin matashi an kawo shi ciki ya kumbura kamar tulu idanu sun yi rawaya ƙafa ta haye, in ka bincika sai ka ga abu biyun ne suka haɗu masa. Ka je ka yi gwajin hanta in ba ka taɓa yi ba, in babu ka yi rigakafi. Inabin kuma ka saya ka ci da ɓawonsa, ai kana tushensa.

TAMBAYA: Dakta ina da juna biyu wata biyar, a wajen biki aka raba wayin ɗin nan da ake cewa babu giya a ciki na sha kofi biyu, tun ranar hankalina bai kwanta ba.

AMSA: 'Yar uwa kwantar da hankalinki. Yawancin wanda ake rabawa a biki ruwan inabi ne kawai aka sa masa gas, bai taɓa zama giya ba, matsalarsa suga ce. Amma akwai wani kala da giya ce ta gaske aka zare barasar, shi wannan yakan rage har 0.5 cikin ɗari, don haka ki riƙa juya kwalba ki karanta, in ba ki ga 0.0 ba ki ajiye. Kofi biyun nan ba abin tashin hankali ba ne, ki ci gaba da zuwa awo.

Na ji daɗi da kika damu wallahi, don abin da barasa ke yi wa ɗan ciki ba wasa ba ne, kuma babu inda ya fito fili kamar gonakin inabin Cape ɗin nan. Bayi ne suka fara noma su, waɗanda aka kwaso daga Indonesiya da Indiya da Madagaska da Mozambik, cikinsu har da Musulmi. Bayan an soke bauta a 1834 sai aka ci gaba da wata al'ada da suke kira dop, wato a biya lebura wani ɓangare na ladansa da giya, a zuba masa safe rana yamma, namiji da mace, mai ciki da mai goyo. An haramta a farkon shekarun 1960 amma ta ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990. Abin da ya biyo baya shi ne yankin Western Cape ya shiga cikin wuraren da suka fi ko ina a duniya yawan yaran da barasa ta illata tun suna ciki. Barasar tana ratsa mabiyiya ta shiga jinin ɗa, shi kuma hantarsa ba ta yi ƙwarin da za ta sarrafa ta ba, sai ta taɓa ƙwaƙwalwa. A haife shi ƙarami, kai ƙarami, leɓen sama siriri, ɗan kwarmin nan da ke tsakanin hanci da leɓe ya shafe sumul, idanu ƙanana, in ya shiga makaranta ba ya riƙe karatu ana ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne alhali shi ba shi da laifin komai. Kuma ba ya warkewa, sai dai a taimaka masa da koyarwa ta musamman. Wannan abu yana ci min rai sosai duk lokacin da na ga hoton kwalaben nan masu ƙyalli.

TAMBAYA: Likita mahaifiyata tana da ciwon suga kuma tana son inabin nan na cikin roba da ake kawowa daga Afirka ta Kudu, da zabibi. Za ta iya ci?

AMSA: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Wanda kike gani a kanti ba irin na giya ba ne kamar Chenin blanc da suka fi nomawa don matsa, na ci ne, daga wurare irin su kwarin Hex River da bakin kogin Orange, kuma da yake lokacin zafinsu ya faɗo a sanyinmu shi ya sa yake cika kasuwa daga Disamba zuwa Maris. Za ta iya ci amma da lissafi, giram 100 na inabi yana da suga wajen giram 16, don haka ƙwaya 10 zuwa 15 ya isa, bayan abinci, ba ta zauna da roba guda gaban talabijin ba. Zabibi shi ne abin tsoro, ruwan ya bushe sugar ta taru ta kusa ninka huɗu, gara ta bar shi. Ruwan inabi na kwali ma haka. Ta gwada sugarta awa biyu bayan ta ci sai ku ga yadda jikinta ya karɓa.

A wanke shi sosai da ruwa mai tsabta kafin a ci. In kuma jikoki za su taya ta, duk yaron da bai kai shekara 5 ba a tsaga masa ƙwayar ta tsawo gida huɗu, don girmanta daidai yake da maƙogwaron yaro kuma santsi gare ta.