Tambaya da Amsa: Tsohon Tankin Gilashi da Kifin Ruwan Gishiri

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tankin kifi na gilashi na hannu mai cin lita 200, ya yi shekaru a ajiye babu ruwa. Gilashin ya yi fari-fari, silikon ɗin kusurwoyi kuma ya fara ɓamɓarewa. Kifin teku nake so in zuba. Ta ina zan fara? Mai karatu daga Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da tambayar wanda ya sayar maka ko an taɓa zuba maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki. Jan ƙarfe yana maƙalewa a duwatsu da yashi, yana kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani. In an taɓa, zubar da tsohon yashi da duwatsun duka.

Farin nan busassun ma'adinan ruwa ne. Haɗa farin ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ka jiƙa gilashin na awa ɗaya, ka kankare da sabuwar reza. Sabulu ko garin wanki kada su taɓa shi.

Babban aikin yana wajen silikon. Sabo ba ya kama tsoho, don haka faci ɓata kuɗi ne. Yanke duk zaren silikon da ke kusurwoyin ciki, amma kada bakin reza ya shiga tsakanin gilashi da gilashi, domin wanda ke can shi ke riƙe da tankin. Goge da sifirit, ya bushe, sannan ka shafa tsantsar silikon a zama ɗaya. Guji na banɗaki mai maganin funfuna, guba ne ga kifi. Bayan kwana 7, ɗora tankin a daidaitaccen wuri a tsakar gida, shimfiɗa kwali a ƙasa, cika shi da ruwan famfo na kwana 3. Ɗigo ɗaya zai nuna a kwalin. Ka kuma duba teburin: ruwan gishirin kaɗai kilo 205 ne.

Ruwan burtsatse da na famfo kan zo da sinadaran da ke ciyar da gansakuka, sai ka nemi wanda aka tace da injin RO, mai cire sinadarai daga ruwa. Gishirin miya ba zai yi ba, akwai gishirin haɗin ruwan teku na musamman. Zuba kimanin giram 35 zuwa 38 a kowace lita, gishiri kan ruwa, a cikin wani duro daban, famfon lantarki mai motsa ruwa ya juya shi ya kwana. Ma'aunin gishiri ya nuna 1.025.

Sa yashin aragonait (farin yashin teku mai alli) kamar santimita 3, da duwatsun teku masu ƙofofi wajen kilo 20, ka kunna famfo. Kifi tukuna. Ɗiga amoniya, gubar da kifi ke fitarwa a ruwa, har ta kai ppm 2, wato miligiram 2 a kowace lita. Bakteriya za su mayar da ita naitirait (nitrite), wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi zuwa naitiret (nitrate) mai sauƙin illa, abin da kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Sai gwaji ya nuna amoniya da naitirait sifili ne za ka kawo kifi. Nan ne yawancin masu farawa ke asara, don ruwa na iya zama garau alhali yana ƙona matsefatan kifi, wato gaɓoɓin numfashinsa.

A ganinmu ka fara da kifin kilawun (clownfish, mai launin lemo da fararen ratsi) biyu, ƙanana, waɗanda aka haifa a tanki. Canza kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako.

Abu biyu za su fi ba ka wahala a Kaduna. Kifin nan na son zafin ruwa digiri 24 zuwa 26, bazara kuwa ta wuce haka nesa: buɗe murfi, fanka ta riƙa hura saman ruwan. Ɗauke wuta kuma na tsayar da famfo, iska ta ƙare cikin sa'o'i, don haka injin iska mai batir ya riga kifin shigowa gida.

Tambaya: Ruwan tankina na raguwa da hunturu. In ƙara ruwan gishiri? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: A'a, Hajiya. Ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Ja layi a jikin gilashin, kullum ki cike zuwa layin da tataccen ruwa marar gishiri.