Tambayoyin Masu Karatu: Koyar da Ɗalibai Tattalin Arzikin Bala'o'i

Tambaya: Ni malamar tattalin arziki ce a makarantar sakandare. Ina so in koya wa ɗalibaina yadda ambaliya da girgizar ƙasa ke shafar arzikin ƙasa, amma ina gudun darasin ya zama haddar alƙaluma kawai. Ta ina ya kamata in fara?

Amsa: Malama, ki fara da kwatanta ƙasashe biyu. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa ɓarnar girgizar ƙasa da igiyar tsunami a Japan a 2011 za ta iya kaiwa dala biliyan 235, yayin da aka ƙiyasta ta girgizar ƙasar Haiti a 2010 a kusan dala biliyan 8. Yawancin ɗalibai za su ce Japan ce ta fi tafka asara. Sai ki nuna musu cewa asarar Japan ba ta wuce kimanin kashi 4 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara ba, alhali ta Haiti ta zarce duk abin da ƙasar ta samar a shekarar da ta gabata. Daga nan za su gane cewa ana auna nauyin asara ne da ƙarfin wanda ta faɗa wa.

Bayan haka, ki bambanta musu ɓarnar da ido ke gani da asarar da ke biyo baya. Ambaliyar Tailan ta 2011 ta rufe masana'antun ƙera faifan adana bayanai na kwamfuta, farashinsa kuma ya tashi har a ƙasashen da ruwan bai taɓa ba.

Inda ya fi dacewa ki daɗe shi ne zaton cewa bala'i yana farfaɗo da tattalin arziki saboda magina suna samun aiki, zaton da har wasu masu sharhi ke faɗawa cikinsa. Tun a 1850 masanin tattalin arziki ɗan Faransa Frédéric Bastiat ya warware wannan da misalin tagar da aka fasa: mai gyara ya samu, amma kuɗin da aka biya shi da an sayi takalmi da su, kuma da tagar tana nan. Ma'aunin abin da ƙasa ke samarwa yana ƙirga sabon gini, ba ya cire wanda ya rushe.

Don gwaji, ki raba su rukuni-rukuni, ki ba kowane rukuni kasafi ɗaya ya raba tsakanin gina magudanan ruwa, inshora da agajin gaggawa, sannan ya kare zaɓinsa a gaban aji.