Baƙin tabo a mafitsarar Baba, kansa ce?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Dan Allah a taimaka min, Babanmu ne shekararsa 62 yana fama da yawan tashi fitsari da dare, wani lokacin har da ɗan jini, da aka zura mishi 'yar kyamarar nan likitan yace ya ga baƙaƙen tabo a jikin mafitsarar, sun ɗebi ɗan nama sun kai gwaji. Wlh tun ranar bana iya bacci. Daga wata 'yar uwa a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Kwantar da hankalinki tukun, ba kowane baƙin tabo bane kansa. Akwai abinda ake kira melanosis, wato sinadarin melanin, wanda shi ke sa fatarmu duhu, ya taru a fatar cikin mafitsara inda a ƙa'ida ba wurinsa bane. Abu ne da ba kasafai ake gani ba, sai a 1986 aka fara bayaninsa a rubuce, kuma shi kansa ba ciwon daji bane.

Amma fa ba zan ɓoye miki ba, cikin 'yan mutanen da aka samu da shi akwai waɗanda aka tarar da kansar mafitsara tare da shi, wasu kuma ta ɓullo daga baya, shi yasa ko sakamako ya fito lafiya lau likita zai ce a riƙa dawowa ana sake leƙawa, kuma dan Allah kar a ce ai Baba ya warke a daina zuwa. Naman da suka ɗiba shine zai raba gardama tsakanin wannan da melanoma, wato kansar ƙwayoyin da ke samar da melanin, wadda ita kam muguwa ce amma da wuya take farawa a mafitsara.

Ni gaskiya jinin nan yafi tsaya min a rai akan tabon. Baba yana shan sigari ko ya taɓa sha? Ita ce kan gaba wajen jawo kansar mafitsara. Sannan ki tambaye shi ko yayi tsargiya yana yaro, irin ta wankan rafi da kududdufi, don ƙwayayenta in sun daɗe a mafitsara suna jawo wata irin kansar, mu nan kuwa da yawa an ɗauki fitsarin jinin yara ba komai ba alhali maganinsa praziquantel ne.

Ranar karɓar sakamako ki raka shi, ki faɗawa likitan amsar waɗannan biyun, ki kuma tambayi yaushe za'a sake leƙawa.