Kafin ka umarci rediyo daga nesa, sa shi ya amsa maka a kan tebur

Jiya muna tashi daga aiki ka tare ni da tambaya, na ce ka bari sai na natsu. Ka ce ka jona rediyon sikanar nan, mai laluben tashoshi da kansa, da kwamfuta, ka buɗe manhaja, ka danna wannan ka danna wancan, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu da kai. Burinka, in ji ka, ka ajiye shi can inda eriya take kamawa da kyau, kai kuma ka zauna wani wuri dabam kana canza masa mita kana saurare. "Maigida, me ya hana shi ji?" To yarona, ga amsa. Ka karanta ta rediyon yana gabanka.

Inda ka fara kuskure shi ne ka sa ido a kan nesa alhali na kusa bai amsa ba. Rufe manhajar nan mai launi-launi tukuna. Rediyon bai san da maɓallan da kake gani a allo ba. Abin da ke isa gare shi harufa ne ko lambobi, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya ta waya, ya karanta, ya aikata, ya mayar da amsa. Manhaja ɓoye maka wannan hirar take yi, shi ya sa in abu ya lalace ba ka san ta ina ya lalace ba. Ni ba na yarda da kowace manhaja sai na yi wa rediyo magana da hannuna ya amsa. Buɗe PuTTY ko Tera Term in Windows kake kai, ko minicom in Linux ne. Farar takarda ce kawai: abin da ka rubuta ya tafi, abin da aka amsa ya fito.

Amma waya ce farko. Da tsohuwar zuma ake magani, domin tsarin RS-232, wanda na'urori ke magana da juna da shi ta waya, tun shekarun 1960 yake, kuma har yau tunaninsa ne ke ƙarƙashin yawancin rediyoyin nan, ko da bakin USB ne ka gani a jikinsu. A soket mai fil tara na ɓangaren kwamfuta, fil uku ne ke ɗauke da aikin: na 2 yana karɓa, na 3 yana aikawa, na 5 shi ne ƙasa. Bakin wannan dole ya faɗa a kunnen wancan. In aikawa ta haɗu da aikawa, kamar mutum biyu ne suna magana lokaci guda kowa ya toshe kunne. Ga gwajin da nake so ya zama maka al'ada: cire rediyon, ɗauki ɗan guntun waya ka haɗa fil na 2 da na 3, ka rubuta kowane harafi. In ya dawo maka a allo, to kwamfuta da direba da kebul duk lafiyarsu ƙalau, laifin yana gaba. In bai dawo ba, kada ka ƙara taɓa rediyon, ba shi ne mai laifi ba. Minti ɗaya ne, amma na ga wanda ya ɓata yini guda saboda ya raina shi.

A nan akwai abin da ke ƙona kaya, don haka ka buɗe kunne. RS-232 na ainihi yana wasa ne tsakanin wuta mai alamar ƙari (+) da mai alamar ragi (−), daga bolt 3 har zuwa 15 ta kowane ɓangare. Wasu rediyoyin kuwa bakinsu na umarni sifiri zuwa bolt 5 kawai ya sani. Ina saurayi na taɓa ɗaukar wayar kwamfuta na liƙa kai tsaye a irin wannan bakin, don na ga filogin ya shiga daidai. Ba hayaƙi, ba ƙauri. Rediyon ya ci gaba da kama tasha kamar ba abin da ya faru, amma daga ranar bai sake jin umarni ba sai da na canza ɗan transistan da ke ƙofar. Shigar filogi ba hujja ba ce. Tsakanin su biyun ana sa mai daidaita ƙarfin wuta, irin MAX232, ko kebul ɗin da aka yi don wannan rediyon. Sa maltimita ka auna kafin ka jona.

Sai saurin magana. Dole ɓangarorin biyu su yarda da lamba ɗaya: 4800, 9600, 19200, 38400, 57600 ko 115200. Shiga menu na rediyon ka ga wadda aka saita, ka sa irinta a kwamfuta, tare da 8N1, wato saitin yadda ake jera kowane harafi a waya, wanda shi ne abin da mafi yawansu ke so. In ka ga wasu ƙwarangwal ɗin harufa marasa ma'ana suna fitowa, ka yi murna: waya tana aiki, sauri ne bai dace ba.

Yanzu ga abin da nake zargin shi ya kama ka. Sikanonin kamfanin Uniden da rubutu ake musu magana, kuma kowane umarni sai an rufe shi da alamar komawa farkon layi, wadda lambarta 13 ce a jadawalin ASCII, inda kowane harafi da alama ke da lambarsa. Ita ce ke ce wa rediyon "na gama, aikata." In manhajarka tana aika alama mai lamba 10 a madadinta, kamar yadda Linux ya saba, rediyon zai zauna yana jiran ka ƙarasa magana har abada. Rubuta MDL ka rufe da 13. Zai faɗa maka sunansa, misali MDL,BC125AT. Rubuta VER, ya ba ka lambar manhajar da ke cikinsa. Ranar da ka ga wannan amsar, rabin aikin ya ƙare, kuma ba ƙari nake yi ba.

Ka koyi bambance ƙin amsarsa, don iri biyu ne. In ya ce ERR, bai gane abin da ka rubuta ba: ko waƙafi ya ɓace, ko harafi ya karkace. In ya ce NG, ya gane sarai, amma ba a halin da zai yi maka yake ba yanzu. Yawanci hakan na faruwa ne idan ka nemi karanta ko rubuta ma'ajiyar tashoshi ba tare da ka shigar da shi yanayin shiri ba. PRG ke shigar da shi, EPG ke fitar da shi. Muddin yana cikin PRG, ba ya laluben tasha, ba ya kama komai. Wannan na biya kuɗin makarantarsa da ƙafata. Na taɓa ajiye wani rediyo a saman wani dogon gini, na rubuta ɗan shirin da zai sabunta masa tashoshi da dare. Intanet ta yanke tsakanin PRG da EPG. Kwana biyu ina ta zargin eriya, ina cewa iska ta karya ta. Da na hau na leƙa fuskar rediyon, sai ga shi zaune lafiya lau yana jiran kalma mai harafi uku. Tun daga nan duk shirin da na rubuta, farkon abin da yake yi idan ya tashi shi ne ya aika EPG, ko an shiga PRG ko ba a shiga ba.

Mita ma tana da yadda ake rubuta ta, kuma kowane kamfani da nasa. A sikanonin Uniden irin su BCD396XT da BCD996XT lambobi takwas ne ba ɗigo, na ƙarshe yana wakiltar haz 100. Tasha ta 16 ta jiragen ruwa, wato megahaz 156.800, za ta zama 01568000. Ka ƙara sifiri ɗaya a ƙarshe, ka tafi wata duniya. A waɗannan ne kuma za ka ji daɗin GLG, wanda ke faɗa maka abin da rediyon ke kamawa a daidai lokacin: mita, irin sautin, sunan tashar. In babu komai, jerin waƙafi kawai zai dawo maka da shi, babu komai a tsakaninsu, kada ka ɗauka ya lalace. Akwai kuma KEY, wanda yake kamar ka miƙa yatsa ka danna maɓalli: KEY,S,P ya koma lalube, KEY,H,P ya tsaya a inda yake. Ina amfani da shi, amma ba na son dogaro da shi daga nesa, domin danna maɓalli ba ka ga fuskar rediyo ba tamkar lalube ne cikin duhu. In akwai umarnin da ke yin aikin kai tsaye, shi nake zaɓa.

Kuma kada ka cika shi da surutu. Umarni ɗaya, ka jira amsa, sannan na gaba. 'Yar ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke cikinsa ita ce ke lalube, ita ce ke zana allo, ita ce ke sauraronka. Tambayar GLG sau biyu zuwa huɗu a daƙiƙa ta ishe ni duk wani rubuta abin da aka kama.

Icom kuma wani gida ne da nasa harshen, ana ce masa CI-V. Su ba rubutu suke ji ba, lambobi ne tsagwaronsu, waɗanda ake rubutawa da tsarin hex mai haɗa 0 zuwa 9 da harufan A zuwa F. Kowane saƙo yana buɗewa da FE FE, sai adireshin rediyo, sai na mai aikawa, wanda ga kwamfuta E0 ne, sai lambar umarni, sai bayanin, a rufe da FD. Umarni na 03 tambayar mita ne, na 05 saita ta. Adireshin IC-R8500 daga kamfani 4A ne. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne ana jera mitar ta baya, ƙananan lambobi a gaba. Megahaz 145.500 za ta tafi a matsayin 00 00 50 45 01, saƙon gaba ɗaya kuma ya zama FE FE 4A E0 05 00 00 50 45 01 FD. In ya karɓa zai amsa da FB, in ya ƙi, FA. Kuma da yake waya ɗaya ce ke kai magana ta dawo da ita, za ka fara jin muryarka ta dawo maka kafin amsar rediyon. Yara da yawa suna ɗaukar wannan amon a matsayin amsa, su yi ta mamakin me ya sa rediyo ke maimaita musu abin da suka faɗa.

In ka gaji da haddace harsunan nan, akwai Hamlib. Tafinta ne: ka ce F da mita a haz, shi ya juya ta zuwa harshen rediyon da ka gaya masa kana da shi. Sai dai ba kowace sikana ya iya sosai ba, kuma ban yarda ka fara da shi ba sai ka yi da hannu.

To yanzu mu zo kan nesan da ke ranka, za ka ga ya fi abin da ya gabata sauƙi. Ka ajiye ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi kusa da rediyon. A kanta ɗan shirin ser2net zai ɗauki bakin siriyal, wato na wayar umarnin nan, ya mayar da shi ƙofar netwok, ko kuma rigctld na Hamlib ya zauna yana jira a ƙofa ta 4532. Umarnin bai canza ba ko harafi ɗaya, wayar ce kawai ta yi tsawo. Amma kada ka kuskura ka buɗe waɗannan ƙofofin ga intanet tsirara, domin rigctld ba ya tambayar kowa kalmar sirri, duk wanda ya laluba ya samu zai juya maka rediyo yadda ya so. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka bi ta rufaffiyar hanya mai tsaro irin SSH ko WireGuard. A Linux kuma ka tabbata kana cikin rukunin dialout mai izinin taɓa bakin siriyal, ka kira rediyon da sunansa na /dev/serial/by-id, domin ttyUSB0 na yau kan iya zama ttyUSB1 bayan an ɗauke wuta an kawo. In ModemManager na kan na'urar ka kashe shi, yakan ɗauki rediyo a matsayin modem ya riƙa zuba masa umarnin da ba nasa ba.

Abin da ba ka tambaya ba kuma shi zai fi ba ka wahala: sauti. A yawancin sikanoni wayar umarni ba ta ɗauke da murya. Hanya dabam ce, daga bakin iyafis zuwa ɗan katin sauti na USB, sannan a tura ta netwok. Shirin watsa sauti na Icecast yana da kyau ga mai saurare kawai, amma yakan makara da daƙiƙoƙi masu yawa, sai ka ga allo ya nuna tasha ta wuce kafin muryarta ta iso ka, ka danna tsayawa a kan wata dabam. Ga mai juya rediyo da hannunsa, abu mai saurin isowa irin Mumble ya fi. In ka ji wani gunji a ƙarƙashin murya, na haz 50 ko 60, ƙasar rediyo da ta kwamfuta ne suka yi zobe, ɗan taransifoma na sauti mai ɗaya-da-ɗaya a tsakani zai yanke shi. Ita ma kwamfutar da cajarta suna fitar da hayaniyar da rediyo ke kamawa ya tsaya a kanta kamar tasha ce. Nisanta su da eriya, ka ɗaura zoben ferayit a kebul ɗin USB. Matoshin shuu kuma, wato abin da ke rufe sauti idan babu tasha, wanda umarninsa SQL ne, ka saita shi a can inda rediyon zai zauna, don hayaniyar can ba irin ta teburinmu ba ce.

Dokar saurare ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Wani wuri sauraron jiragen sama tsakanin megahaz 118 da 137 ba komai ba ne, wani wuri sai da izini, kuma tura abin da ka kama ga wasu ta intanet magana ce dabam da saurarenka kai kaɗai. Ka binciki ta inda rediyon yake kafin ka kunna.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka kai shi ko'ina, sa masa soket ɗin da za ka iya kashewa ka kunna daga nesa, sannan ka gwada a nan: zare wutar komai da komai, mayar, ka koma gefe ka harɗe hannu. In rediyo da kwamfuta da sauti ba su dawo da kansu ba, bai isa tafiya ba. Wasu na hannu ba sa kunna kansu idan wuta ta dawo sai an danna maɓalli, gara ka gano haka yau da ka gano bayan ka sauko daga bene.

Gobe ka zo da wuri da kebul ɗin naka da guntun waya. Za mu fara da haɗa fil na 2 da na 3, sannan ka rubuta MDL da hannunka ina kallo.